Auta da Yarinyar Ɗakin Tsintuwa

Ranar Talata

Zuwa ga 'yata, yayar Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da ɗan angona mai haƙora biyu. Yaya tarin da yake yi, ya sauka? Mu nan lafiya lau, in dai lafiyar jiki ce.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali shekaranjiya muka yi waya. Ɗakinmu ɗaya ne da falo, kuma kin san muryata, in na ce zan yi raɗa har mai shagon ƙasa sai ya ji. Abin da zan faɗa ba na so Auta ta ji. Shi ya sa nake rubutawa a wurin aiki, lokacin hutun rana, a kan teburin yankan yadi na shagon ɗinkinmu. Zan ba direban da ke kai kayan makaranta garinku ya miƙa miki. Ki yi haƙuri da hannuna, shekara huɗu ke nan kacal da na fara riƙe biro a ajin manya.

Maganar ƙanwarki ce. Kin san tun tana ƙarama ba mai yawan magana ba ce, baƙo in ya shigo bayan ƙofa take laɓewa. Ban taɓa damuwa ba, don babanku, Allah ya jiƙansa, haka yake. Amma shirun da take yi yanzu ba irin wancan ba ne. Da, in an yi abin dariya a falo za ki ji ta tana ƙyalƙyalewa ƙasa-ƙasa. Yanzu sai kowa ya gama dariya sannan ta yi nata murmushin, kamar wadda aka baro a baya. In ina magana sai ta karkata kai gefe guda ta ƙura wa bakina ido. Ran nan maƙwabciyarmu ta tare ta a matattakala ta tambaye ta ko ruwa ya zo a famfonmu, sai ta ce mata na gode, ta wuce. Matar ta zo har ɗaki tana tambayata ko ta yi wa yarinyar wani laifi ne.

Da farko na ɗauka kunyar kumburin fuska ce, tun hangum ɗin nan da ta yi wata biyar da suka wuce. To fuska ta daɗe da saɓewa, shiru kuwa sai ƙaruwa yake yi.

Ranar Alhamis malamar ajinsu ta aiko a kira ni. Ta ce yarinyar da take ta uku a aji yanzu ba ta ɗaga hannu, sunanta ma sai an kira sau uku, kuma ta bar kujerarta ta koma can ƙarshe jikin taga. Ta tambaye ni ko akwai wata damuwa a gida. Na ce mata babu, na fito.

Abu ɗaya ne na ga ta riƙe hannu bibbiyu, wayar nan da kika bar mata. Daga ta dawo makaranta sai ta toshe kunne da iyafis ta shiga kallon wani katun irin na Japan, su suna ce masa anime. Na leƙa ta bayanta. Wata yarinya ce mai manyan idanu, gashi ya rufe rabin fuskarta, tana tsaye gaban wani yaro, kumatunta sun yi ja, ta karkata kai ba ta cewa komai. Wallahi tsayuwar Auta sak na gani.

Na gaya wa Mai Maɓalli, abokiyar aikina, wadda kike ce wa gidan rediyo. Ko ɗaga kai ba ta yi daga injinta ba ta ce namiji ne. Wai in yarinya 'yar shekara sha shida ta yi shiru, ta riƙe waya, tana murmushi ita kaɗai, to ba sai an je wurin mai duba ba. Ta ba ni labarin 'yar wata ƙawarta da wani ya yaudara ta waya, aka wayi gari babu ita.

Don Allah in Auta ta taɓa gaya miki wani abu, ko sunan wani, kada ki ɓoye mini. Ba zan doke ta ba. So nake kawai in san abin da ke ɗauke mini yarinya tana zaune a gabana.

Ki gaida maigidanki. Ki sumbaci angona.

Mahaifiyarki.

Ranar Litinin

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina yaro? Na samu saƙonki cewa ba ta gaya miki komai ba, kuma ko kin kira ta ba ta ɗauka sai dai ta mayar miki da rubutu. Wannan ma ya ƙara tayar mini da hankali.

In kin ga layin ya karkace ki yi haƙuri. Yau saura ƙiris in rasa ƙanwarki a kan idona.

Kin san takan biyo ta shago ta karɓi mabuɗi in an tashe su. Ina tsaye bakin ƙofa ina kakkaɓe zare a jikina na hango ta tana tahowa. Wata motar kaya tana ja da baya daga lungun masu katako, direba yana ta danna hon, mutane suna ihu, ni ma na kwartsa ihu. Auta tana tafe a bayan motar kanta a ƙasa, ba ta ƙara sauri ba, ba ta rage ba. Mai sayar da lemu ce ta yi tsalle ta fizgo ta da jakar baya, suka faɗi tare. Tayar ta bi ta kan takalminta da ya cire. Takalmin yana nan a ƙarƙashin teburina, ya baje kamar an yi masa guga.

Na duba kunnenta, babu iyafis. Da ma yana ciki ne, da na ce waƙa ce ta ɗauke mata hankali. Babu. Ke nan ta ji ta ƙi matsawa? Abin da ya hana ni zama ke nan. Shin tunanin wani ne ya cinye ta har haka, ko kuwa so take motar ta same ta? Na rubuta wannan ina neman tsari da shi.

A gida na yi mata faɗan da ban taɓa yi ba. Na tambaye ta wane ne, ta girgiza kai. Na tambaye ta me na yi mata, ta girgiza kai. Hawaye kawai. Na sa hannu na karɓe wayar da iyafis ɗin. A nan ne ta buɗe baki, ta riƙe gefen zanena ta ce don Allah Mama ban da ita, ita kaɗai take ganewa. Ban fahimci me take nufi ba, kuma ban mayar ba.

Na kwashe reza da almakashi da sauran magungunan da ke kan firji na kawo shago. Na roƙi maƙwabciyarmu ta riƙa leƙa ta kafin in taso. Ban san ko daidai na yi ba. Ki taya ni da addu'a.

Mamanki.

Ranar Laraba

Zuwa ga 'yata abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kuma haƙori na uku ya fito ba tare da zazzaɓi ba. Na ji shawararki cewa in duba wayar kafin in yanke hukunci. Na duba. Babu lambar kowa sai tawa da taki da ta ƙawarta ɗaya. Babu namiji. Mai Maɓalli ta ce ai gogewa suke yi, na ce ta bar ni da abin da ya dame ni.

Tunda ban samu mutum ba, sai na ce bari in san ita wannan yarinyar katun da ta fi ni shiga zuciyar 'yata. Kashi goma sha biyu ne. Ba da yarenmu suke magana ba, amma an rubuta fassarar a ƙasan hoton. Rubutun yana gudu, ni kuwa kin san karatuna, sai na tsayar, na haɗa baƙi, sannan in sake. Kashi ɗaya yakan cinye mini hutun rana gaba ɗaya har da ɗan ƙari. Kwana tara na yi, ina haɗawa da dare. Ranar farko da na sa iyafis sai da na zabura, don Auta ta ƙure ƙarar har ƙarshe. Kuma ashe ɓangare ɗaya ya mutu, mai jan zare a jiki, ko ƙis ba ya yi.

Labarin wata ɗaliba ce da aka ba ta kula da ɗakin tsintuwa na makarantarsu, inda ake ajiye duk abin da wani ya yar. Ita ta nemi aikin, don ba mai zuwa wurin. Sai ga wani yaro da kullum yake ɓatar da lemarsa. Tana son sa, ba ta iya faɗa. Takan rubuta 'yar takarda ta naɗe a cikin lemar, in ta ji tafiyarsa sai ta zare ta cusa a aljihu.

Zan gaya miki gaskiya, akwai abin da suka iya. Na shiga da niyyar in tsane shi, ban iya ba. Babu batsa a ciki, kashi goma sha biyu ko hannu ba su riƙe ba. Sun iya zana ruwan sama a jikin taga har sai kin ji sanyi. Akwai wata ƙawarta mai shegen ci, kullum da burodi a baki, ita ce ta sa har masu guga suka riƙa zagaye ni suna leƙe. Amma babban abin da suka iya shi ne kunya. In an yi wa yarinyar tambaya, bakinta a rufe yake, amma sai a rubuto miki abin da take faɗa a ranta, magana fal, har da tsiwa. A nuna miki yatsunta suna murza bakin riga. A nuna yadda take shirya kalma ɗaya tun daga gida, ta zo gaban mutum kalmar ta maƙale.

'Yata, na san wannan. Shekara talatin da takwas na yi ina cewa na manta tabarau a gida duk lokacin da aka miƙo mini fom, alhali ban taɓa mallakar tabarau ba. Ranar da aka ba ni takardar sakamakonki na riƙe ta a juye ina murmushi, ke kika juya mini ita a hankali don kada malamin ya gani. Da na ga yatsun yarinyar nan sai na shiga banɗakin shago na yi kuka.

To amma akwai abin da ya ɓata mini rai, kuma shi ne ya ƙara mini tsoro. Na farko, jan rai. Abin da za a gama a kashi biyu sai da aka kai goma sha biyu. Mai Maɓalli ta ce da ita ce da tuni ta maka masa lemar a ka ta ce kai malam, ina son ka, ka daina wahalar da mutane. Na biyu, duk fuskokinsu iri ɗaya ne, sai da launin gashi nake gane su. Na uku, ba uwa a labarin. Sau ɗaya aka nuna bayanta tana wanke kwano. Yarinya tana kuka a ɗaki kwana da kwanaki, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Mafi muni shi ne yaron. Ya cika kirki har ya wuce mutum. Duk abin da ke ranta ya sani ba tare da ta faɗa ba. In tana jin sanyi ya gane, in ƙafarta na ciwo ya gane. A ƙarshe ma ba ita ta faɗa ba, shi ya ce ya daɗe da sanin takardun da take zarewa, ya faɗi maganar a madadinta, ita kuwa ta gyaɗa kai, aka sa waƙa. Kowa a shago ya ce kai, abin sha'awa. Ni kuwa ban ga abin sha'awa ba. Abin da ake koya wa yarinya mai kunya ke nan, ta yi shiru ta jira, wani zai zo ya karanta zuciyarta? Ni na jira shekara talatin da takwas, ba wanda ya zo. Sai da na tafi da ƙafata na ce wa malamar ajin manya ban iya ba.

Ina jin Auta wani abu take jira a gane. Ban san mene ne ba. Tun da na karɓe wayar ba ta ƙara yin ko murmushin nan na baya-baya ba. Tana zaune jikin bango da littafi, ta rame, wuyan rigarta ya yi mata yawa. Ranar Lahadi ba aiki. Zan mayar mata da wayar, in ce mu kalla tare, ko Allah zai sa in ga abin da ban gani ba.

Ki gaida mutanen gidan.

Taki, Mama.

Ranar Lahadi da yamma

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta.

Na gano. Ba namiji ba ne, ba katun ba ne, kuma ba neman mutuwa take yi ba, alhamdu lillahi. Amma ban san ko in yi murna ko in yi kuka ba.

Bayan mun ci abincin rana na miƙa mata wayar na ce ta sa mana kashi na bakwai, inda ruwa ya tsare su a ƙofar makaranta. Ta kalle ni kamar ba ta yarda ba. Muka zauna a doguwar kujera, ta ba ni iyafis ɗaya, ta ɗauki ɗaya. Mai jan zaren ta ɗauka, mataccen, ta sa a kunnen hagu. Na ce a raina ladabi ne, ta bar mini mai kyau. Muna cikin kallo sai aka sa wata waƙa. Na tambaye ta ko tana jin waƙar sosai ta nata ɓangaren. Ta kalli bakina, ta gyaɗa kai, ta ce da daɗi.

Na ce bari in ɗebo ruwa. Na zagaya bayan kujerar na tsaya daidai kanta, tazarar hannu ɗaya. Na zare mata iyafis ɗin kamar da wasa, ta yi murmushi ta ci gaba da karanta rubutun ƙasa. Sai na kira ta a hankali, irin muryar da mutane suke magana da ita. Ba ta juyo ba. Na sake kira. Na ce Auta, ga yayarki ta zo da jariri. Ke kin san da ta ji wannan da ta tsallake kujera. Ko gezau. Idonta na kan rubutu.

A nan komai ya dawo mini lokaci ɗaya. Karkata kan nan, kunnen dama take miƙowa. Kallon bakin nan, karanta leɓe take yi. Hon ɗin motar nan, ta hagu ya zo mata. Kiranki da ba ta ɗauka. Da maganar da ta yi ranar da na karɓe wayar, ita kaɗai take ganewa, don a duk duniyarta mutanen katun ɗin nan ne kaɗai ake rubuta maganarsu a ƙasa. Su na ƙwace mata kwana goma sha uku.

Kin san abin da ya rufe mini ido? Muryata. Shekara ashirin ina magana a kan ƙarar kekunan ɗinki goma sha biyu, ban iya magana a hankali ba. Ni kaɗai take ɗan ji a duniya, shi ya sa ni ce ta ƙarshe da ta gane.

Ban yi ihu ba. Na ɗauko littafina na ajin manya, na buɗe bayansa, na zauna a gabanta na rubuta: Tun yaushe kunnenki? Ta daɗe tana kallon rubutun. Sannan ta karɓi biron ta rubuta: Tun hangum.

Shafi huɗu muka cika. Ta ce ranar da zazzaɓin ya sauka ta tashi ta ji hagu ya toshe kamar an cusa auduga, ta ɗauka zai buɗe. Lokacin ne kuma aka koma makaranta, muna ɗinkin yunifom ba dare ba rana, ta ga ina dawowa ƙafa a kumbure, ta ce bari ta bari sai na huta. Daga baya dama ma ya fara yin nauyi, yana ƙugi. Da abin ya daɗe sai ta ji kunyar a ce me ya sa ba ta faɗa da wuri ba. Tana tsoron a cire ta daga makaranta, tana tsoron 'yan aji su sa mata suna. Ta ce kullum takan shirya maganar tun daga hanya, in ta gan ni sai ta maƙale. A ƙarshen shafi ta rubuta cewa ta yi ta jira ko wani zai gane da kansa.

Ni kuma na rubuta mata labarin tabarau. Ba ta taɓa sani ba, tana ƙarama lokacin.

Ina tsoro, 'yata. Na tuna ta ce mini kunnenta na ciwo a kwanakin hangum ɗin, na sayo mata magani a kemis na koma kan keke. Wata biyar. In da na kai ta asibiti a makon? In dama ma ya tafi fa? Gobe da sassafe za mu je. Uwar ɗakinmu ta shago ta ba ni rana. Kada ki kira, ki yi addu'a kawai.

Mahaifiyarki.

Ranar Alhamis

Zuwa ga 'yata, yayar Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya gida, yaya angona? Na ga kiranki har sau shida, na kasa ɗauka ne don na san in na ji muryarki kuka zan yi. A takarda na fi iya tsayawa.

Ranar Litinin suka ba mu kati suka ce mu dawo Laraba ɓangaren kunne. Jiya muka koma. A hanya na rubuta mata a littafin cewa yau ba zan yi magana ba, ita za ta yi. Ta kama hannuna tana girgiza kai. Na sake rubutawa cewa ni ba yaron lema ba ce. Ta yi 'yar dariya, idonta cike da ƙwalla.

Likitan mace ce, mai furfura a gaban kai. Da muka zauna ni ta kalla ta ce Mama, me ke damunta? Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba. Maganar tana bakina tun daga hangum har motar kaya. Na danne, na cije leɓe, na nuna Auta da hannu. Ɗakin ya yi tsit. Ina ganin yatsunta suna murza bakin hijabinta. Likitar ta sake kallona, na kalli silin. Na ƙirga fanka ta zagaya ban san sau nawa ba. Har na buɗe baki zan karya alkawari.

Sai Auta ta ce, ba na ji, wata biyar ke nan ba na ji, kuma ina so in ci gaba da makaranta. Ba ta san ƙarfin muryarta ba, da ƙarfi ta faɗa, har na kan benci a waje suka leƙo. Likitar, wadda ta ji ƙarfin sallamata da muka shigo, ta ce to madalla, wannan kam 'yar mamanta ce. Ta juyo da kujerarta ta fuskance ta sosai, daga nan ba ta ƙara tambayata komai ba.

Sun sa ta a wani ƙaramin ɗaki mai kauri, suka ɗora mata abin ji a ka, in ta ji ƙara ta danna. Ina kallonta ta gilashi. Da suka zo hagu, hannunta bai motsa ba ko sau ɗaya.

Ga abin da suka ce. Hagu ya tafi, hangum ɗin ne ya taɓa jijiyar, ba ya dawowa. Na tambaya in da na kawo ta da wuri fa. Likitar ta ce irin wannan ko da wuri aka zo ba kasafai ake ceto shi ba. Ban sani ba ko don ta kwantar mini da hankali ta faɗa, amma na riƙe. Dama kuwa ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnen, shi ana iya yi masa magani. Sun ba ta na mako uku. In bai janye ba za su yi ɗan ƙaramin aiki su zuƙe shi. Kalmar aikin nan ta tsorata ni, kunne ɗaya ya rage mana. Amma likitar ta ce da an ƙara wasu watanni ana shiru, da shi ma ya lalace.

Yau da safe na raka ta makaranta na tsaya a bakin ƙofar aji. Ita ta je wurin malamar da kanta. Ban ji abin da ta ce ba, amma na ga an tashi wata an ba ta kujerar gaba ta gefen hagu, inda kunnenta na dama zai fuskanci malamar. Daga nan na wuce wurin mai lemu na yi mata godiyar da ban samu yi ba ran nan. Mai Maɓalli kuwa ta ce ita dama tun farko ta san ciwo ne. Na ƙyale ta.

Wayar tana hannun Auta. Jiya da la'asar muka sake kallon kashi na ƙarshe, muka yi gardama a littafi. Ita ta ce yarinyar ta yi ƙoƙari, ban san wuyar abin ba ne. Na rubuta mata cewa na sani sarai. Sai ta rubuta cewa gaskiya da ta bar takarda ɗaya a cikin lemar tun kashi na biyu, da kowa ya huta. Ta kuma ja layi a ƙarƙashin kalmomi uku da na rubuta ba daidai ba.

Har yanzu in ta fita ina tsayawa a taga sai ta tsallaka titi. Na koya mata ta riƙa duba hagu sau biyu. Tsoron bai tafi ba, amma yanzu na san abin da nake tsoro.

Kin ce za ki zo ƙarshen wata, kafin ranar komawa asibiti. Ki zo, ki taho mata da jaririn, don na yi mata ƙaryar zuwansa sau ɗaya. In kin zo ki zauna ta hannun damanta, ki bar ta ta ga bakinki. Kuma in an yi mata tambaya, ko ta daɗe, kada ki amsa mata.

Ki gaida maigidanki da kyau. Auta tana gaishe ki, da bakinta ta ce in rubuta.

Mahaifiyarku.